Shin juyin juya halin ƙasar Sin ya raba gari da daulolin da suka gabace shi?

Tambaya: Na karanta cewa Sun Yat-sen da Mao Zedong sun yi juyin juya hali ne domin kawar da mulkin sarakuna a ƙasar Sin, har ma aka farfasa wuraren tarihi a zamanin Mao. To, me ya sa a yau gwamnatin ƙasar take tinƙaho da Babbar Ganuwa da fadar sarakuna da kaburburansu, hoton Mao kuma yana rataye a ƙofar fadar? Mene ne haɗin waɗannan shugabanni da daulolin da suka shuɗe?

Amsa: Akwai abubuwa biyu a cikin tambayar da ya kamata a raba su. Na farko shi ne gadon sarauta, wato mulkin gida ɗaya inda ɗa yake gadon uba, kuma wannan ya faɗi a watan Fabrairun 1912, bai sake tashi ba. Na biyu shi ne tunanin da gadon ya zauna a kansa sama da shekara 2,000, wanda ke cewa ƙasar Sin dunƙulalliya ce, cibiya ɗaya ce take juya ta ta hannun ma'aikatan da ita ta naɗa, kuma mai mulki yana da haƙƙin mulki ne muddin yana iya riƙe ƙasa da ciyar da jama'a. Wannan tunani shugabannin juyin juya hali sun gaje shi, sau da yawa da saninsu, kuma yadda kowannensu ya bi da fadoji da kaburbura da kufai shi ne mafi bayyanar shaida a kan hakan.

Daula mafi daɗewa da ake da rubutacciyar shaida daga zamaninta ita ce Shang, wadda aka tono ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru masu ɗauke da rubutun duba a mazauninta na ƙarshe kusa da Anyang. Wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen Zhou suka kifar da Shang, sai suka nemi hujjar da za ta halatta musu abin da suka yi. Hujjar ita ce mulki amana ce da Sama take danƙa wa gidan da ya cancanta, kuma idan gidan ya lalace, zalunci ya yi yawa, yunwa da ambaliya da tawaye suka bayyana, to an karɓe amanar an ba wani. Aƙidar tana ɗaukaka sarki, amma kuma tana buɗe wa ɗan tawaye ƙofa, domin wanda ya yi nasara, nasarar ce shaidarsa, wanda ya faɗi kuwa sunansa ɗan fashi a littafin tarihi. Saboda haka babu mamaki da aka samu manyan dauloli biyu da talakawa suka kafa: Liu Bang, wanda ya kafa Han, ɗan manoma ne, Zhu Yuanzhang kuma, wanda ya kafa Ming a 1368, maraya ne da ya taɓa yawon bara.

Wanda ya mayar da tunanin ya zama tsarin mulki shi ne Qin Shi Huang, sarkin ƙasar Qin, da ya ci sauran ƙasashe shida da Sin ta rarrabu a kansu da yaƙi ya haɗa su a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ƙi raba ƙasa ga 'yan'uwa da barade kamar yadda Zhou suka yi, sai ya yanka ta larduna 36, kowane lardi da gundumominsa, ya tura musu ma'aikatan da zai iya tuɓewa duk lokacin da ya ga dama. Ya daidaita rubutu da kuɗi da mudu da sikeli, har da faɗin tsakanin ƙafafun keken doki. Ya kuma sa an ƙone littattafai a shekara ta 213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma marubucin tarihi Sima Qian ya ruwaito cewa an hallaka malamai sama da 460 a shekarar da ta biyo baya. Ya mutu a 210, daularsa ta wargaje cikin shekara huɗu. Daular Han da ta biyo baya ta tsine wa sunansa, ta riƙe tsarinsa, ta lulluɓe shi da koyarwar Konfushiyas ta biyayya da ladabi da nauyin shugaba a kan talakawa. Daga farkon ƙarni na 7 aka fara ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa a kan littattafan wannan koyarwa, al'adar da ta ɗore kimanin shekara 1,300. Daulolin Tang da Song da Ming sun bi wannan turba, haka ma baƙin da suka ci ƙasar da yaƙi, musamman Manchu da suka kafa Qing, sun tarar cewa ba a iya mulkin Sin sai da kayan aikin da aka tarar a ciki.

Daular Qing, wadda ta riƙe Beijing daga 1644, ita ce ta zana taswirar da muka sani a yau. Ita ta shigo da Taiwan a 1683, ta ɗora ikonta a kan Mongoliya da Tibet, ta kammala cin yankin Xinjiang a 1759. A ƙarni na 19 ne al'amura suka kwaɓe mata: Birtaniya ta ci ta a yaƙin da aka yi kan fataucin ƙwayar ofiyom daga 1839 zuwa 1842 ta karɓe Hong Kong, sojojin Birtaniya da Faransa suka washe fadar shaƙatawa ta Yuanmingyuan a 1860 aka cinna mata wuta, tawayen Taiping na 1850 zuwa 1864 ya ci rayuka aƙalla miliyan 20, Japan kuma ta ci ta a 1895. Jagoran Taiping, Hong Xiuquan, mutum ne da ya yi ta faɗuwa jarrabawar aikin gwamnati. Da aka soke jarrabawar a 1905, igiyar da ta ɗaure masu ilimi da fada ta tsinke, kuma shekara shida kawai daular ta ƙara.

Sun Yat-sen shi ne wanda za a yi zaton ya fi kowa nisa da tsohon tsari, domin ya yi karatu a Hawai, ya koyi aikin likita a Hong Kong, Kirista ne, kuma yana Amurka lokacin da sojoji suka yi bore a Wuchang ranar 10 ga Oktoban 1911. Duk da haka taken ƙungiyar da ya kafa a Tokyo a 1905, na a kori baƙi a maido da Sin, kusan kalma da kalma aka ɗauko shi daga shelar da Zhu Yuanzhang ya yi a kan Mongol, baƙin da ke mulkin Sin, a ƙarni na 14. Ranar 12 ga Fabrairun 1912 aka sanar da murabus ɗin Puyi, sarki na ƙarshe, yana yaro ɗan shekara shida. Bayan kwana uku, Sun ya jagoranci manyan jami'an sabuwar jamhuriya zuwa kabarin Zhu Yuanzhang a Nanjing, aka yi biki aka shaida wa mamacin cewa an kori Manchu. Shugaban jamhuriya ya je yana kai rahoto ga sarkin da ya mutu tun 1398, kuma a wurina wannan rana ta fi kowace takarda bayyana yadda 'yan juyin suka ɗauki kansu.

Nan take kuma wata matsala ta taso. Idan juyin na ƙabilar Han ne, wato mafi rinjayen Sinawa, a kan Manchu, to da wace hujja jamhuriya za ta riƙe Tibet da Mongoliya da Xinjiang, waɗanda Manchu ne suka kawo su? Sai aka sauya harshe, aka ɗauki tuta mai launi biyar da ke wakiltar Han da Manchu da Mongol da Musulmi da mutanen Tibet, takardar murabus ɗin sarki ma ta ambaci cewa ƙasashen waɗannan al'ummomi biyar za su zama jamhuriya ɗaya. An kori gidan Qing, an riƙe iyakokinsa, kuma rigingimun da ake ji a kan waɗannan yankuna har yau daga nan suka samo asali. Sun ya rasu a 1925, aka binne shi a 1929 a wani katafaren hubbare mai matakala 392 a kan dutsen Zijin, kusa da kabarin sarkin nan na Ming da ya ziyarta.

Cewa gadon sarauta kansa ya mutu, Yuan Shikai ne ya gwada ya gani. Janar ɗin da Sun ya sauka ya bar wa shugabanci ya ayyana kansa sarki a ƙarshen 1915, larduna suka yi masa tawaye, ya janye bayan kwana 83, ya mutu a watan Yunin 1916. An fitar da Puyi daga fada a 1924, aka mayar da ita gidan tarihi a shekarar da ta biyo baya. Kayan cikinta kuwa sun zama abin da ake auna halaccin mulki da shi: gwamnatin Chiang Kai-shek, jagoran jamhuriyar a lokacin, ta kwashe su zuwa kudu a 1933 don gudun Japan, sa'annan da ta ga za ta sha kaye a hannun 'yan kwaminis, ta haye da kusan akwati 3,000 na mafi daraja zuwa Taiwan a tsakanin 1948 da 1949. Mutumin da ya rasa ƙasa ya nemi jiragen ruwa ya loda musu tangaran da zane-zanen sarakuna, domin a fahimtarsa wanda ke riƙe da gadon shi ne Sin ta gaskiya.

Mao Zedong, ɗan manomi mai ɗan hali daga Shaoshan a lardin Hunan, ya fi dukansu nutsewa cikin tarihin dauloli, kuma ya karanta shi har ƙarshen rayuwarsa. A watan Maris na 1949, da shugabannin Jam'iyyar Kwaminis za su bar ƙauyen Xibaipo su nufi Beijing, ya kwatanta tafiyar da zuwa babban birni rubuta jarrabawa, ya kuma ce ba za su zama Li Zicheng ba. Duk wanda ke wurin ya gane nufinsa: Li Zicheng jagoran tawayen manoma ne da ya ci Beijing a 1644, ya kawo ƙarshen Ming, amma dakarunsa suka duƙufa ga wawaso, ya rasa birnin cikin mako shida. Ranar 1 ga Oktoban 1949 Mao ya shelanta sabuwar jamhuriya daga saman ƙofar Tiananmen, inda a da ake saukar da dokokin sarki, shugabanni suka tare a Zhongnanhai, tsohon lambun sarakuna da ke jikin fada, aka kuma sa hoton ƙofar a tambarin ƙasa.

Sai dai gadon iko daban, tausayin gini daban. Masanin gine-gine Liang Sicheng ya ba da shawara a 1950 cewa a gina ma'aikatun gwamnati a yammacin tsohon birni, a bar ganuwar Beijing ta zama wurin shaƙatawa. An ƙi shawararsa, aka yi ta rushe ganuwar da ƙofofinta tun daga shekarun 1950, aka ƙarasa mafi yawanta a ƙarshen shekarun 1960 domin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma titin zobe na biyu na birnin a kan sawunta yake. Kamar dai a share badalar Kano da ƙofofinta ne a shimfiɗa kwalta a gurbinsu.

Labarin da ya fi nuna yadda tarihi da siyasa suka cakuɗe a wannan zamani shi ne na Wu Han, masanin tarihin Ming kuma mataimakin magajin garin Beijing. Yana cikin waɗanda suka matsa aka buɗe kabarin sarki Wanli, wanda ya yi mulki daga 1572 zuwa 1620, a maƙabartar sarakunan Ming da ke arewacin birnin. An yi aikin daga 1956 zuwa 1958 ba tare da dabarun adana kaya ba, tufafin siliki masu yawa suka lalace bayan sun sha iska. Wannan Wu Han ɗin ne ya rubuta wasan kwaikwayo a kan Hai Rui, wani jami'in Ming mai gaskiya da aka tuɓe daga muƙaminsa. A 1959 Mao ya tuɓe ministan tsaro Peng Dehuai saboda ya soki shirin ci gaba na gaggawa da aka fara a 1958, shirin da ya jawo yunwar da masana ke ƙiyasta ta kashe tsakanin mutum miliyan 15 da miliyan 45. Aka fassara wasan da cewa habaici ne, Hai Rui shi ne Peng, sarkin kuma Mao. Sharhin da aka buga a Shanghai a watan Nuwamban 1965 ana sukar wasan shi ne ya buɗe Juyin Juya Halin Al'adu, gangamin da Mao ya ingiza matasa su tumɓuke tsofaffin al'adu da abokan hamayyarsa. A 1966 Jajayen Dakaru, wato ɗaliban da ke ɗaura jan ƙyalle a damtse, suka fito da ƙasusuwan Wanli da na matansa biyu, suka yi musu zaman tuhuma a bainar jama'a suka ƙone su, Wu Han kuma ya mutu a kurkuku a 1969. Ƙasar da za ta kama da wuta saboda wasan kwaikwayo a kan jami'in ƙarni na 16, ba za a ce ta manta da sarakunanta ba.

Ɓarnar da mai tambaya ya karanta gaskiya ce, kuma ba ƙarama ba ce. A watan Nuwamban 1966 ɗalibai daga Beijing suka afka wa Qufu, mahaifar Konfushiyas, suka farfasa gumaka da allunan dutse, suka tone kaburburan zuriyarsa, suka lalata dubban kayan tarihi. Masallatai da coci-coci da wuraren ibadar mabiya Buddha, musamman a Tibet, sun ga irin wannan ta'asa. Fadar sarakuna ta tsira ne domin firaminista Zhou Enlai ya sa an rufe ƙofofinta a watan Agustan 1966 aka girke sojoji, ba a sake buɗe ta ba sai 1971.

Amma ko a tsakiyar wannan guguwa Mao zaɓe yake yi a cikin tarihi. Gabarsa da Konfushiyas ce, Qin Shi Huang kuwa gwaninsa ne. Tun a wani taron jam'iyya a watan Mayun 1958 ya ce idan sarkin ya binne malamai 460, su sun ninka shi sau ɗari. A 1973 da 1974 aka yi gangamin sukar Konfushiyas tare da yabon sarkin Qin a matsayin wanda ya haɗa ƙasa ya murƙushe masu son komawa baya. Ana cikin haka, a watan Maris na 1974, wasu manoma da ke haƙa rijiya a Lintong kusa da Xi'an suka ci karo da gutsattsarin mutum-mutumin yumɓu, abin da ya zama rundunar da aka ƙiyasta ta kai sojoji 8,000, da dawaki da kekunan yaƙi, an jera su suna gadin kabarin sarkin. Da a 1966 aka gano su, Allah kaɗai ya san abin da zai same su. Tudun kabarin kansa har yau ba a buɗe shi ba, ko da yake gwajin ƙasa ya nuna yawan sinadarin zaiba a wurin, wanda ya yi daidai da ruwayar Sima Qian cewa an yi koguna na zaiba a ciki. Asarar da aka tafka a kabarin Wanli na cikin dalilan da suka sa hukuma ta hana tone kaburburan sarakuna.

Kada wannan bayani ya sa a ɗauka cewa Mao sarki ne kawai da ya sauya riga, domin akwai inda ya yi abin da babu sarkin da ya taɓa iyawa. Ikon fada a da yana tsayawa ne a hedikwatar gunduma, inda jami'i ɗaya da 'yan ma'aikatansa suke kula da dubban ɗaruruwan mutane, ƙauyuka kuma suna hannun masu gonaki da dattawan dangi. Jam'iyyar Kwaminis, da tsarin da ta koyo daga Tarayyar Sobiyet, ta shiga kowane ƙauye: dokar rabon gonaki ta 1950 ta kawar da ajin masu ƙasa da zubar da jini mai yawa, dokar aure ta shekarar ta haramta auren dole da ajiye ƙwaraƙwarai, daga baya aka tattara manoma a gonakin gama kai. Wannan ikon da ya kai har tukunyar gida shi ya sa aka iya yaɗa karatu da rigakafin cututtuka cikin sauri, shi ne kuma ya sa kuskuren mutum ɗaya ya zama yunwar ƙasa baki ɗaya.

Bayan rasuwar Mao a watan Satumban 1976, an ajiye gawarsa a wani gini a tsakiyar dandalin Tiananmen, alhali shi da kansa ya sa hannu a 1956 a kan takardar da ta nemi a riƙa ƙone gawarwakin shugabanni. Deng Xiaoping, wanda ya zama jagoran ƙasar bayan zamanin Mao, ya ɗora alhakin tattara iko a hannun mutum ɗaya da zama a kan kujera har mutuwa a kan ragowar ɗabi'un zamanin sarakuna, a jawabinsa na Agustan 1980, jam'iyya kuma ta yanke a 1981 cewa Juyin Al'adu bala'i ne amma alheran Mao sun rinjayi kurakuransa. Da aƙidar gwagwarmayar aji ta yi sanyi, aka koma ga kishin ƙasa, wuraren tarihi kuma suka zama jarinsa. A 1984 Deng ya mara wa gangamin gyaran Babbar Ganuwa baya, ginin da a tatsuniyoyin Sinawa na da alama ce ta aikin tilas da hawayen matan da mazajensu suka mutu a wurin. Sassan da baƙi ke hawa a Badaling na zamanin Ming ne, kuma binciken hukuma na 2012 ya ƙiyasta tsawon dukan ganuwoyin zamunna daban-daban da kilomita 21,196. A 1987 hukumar UNESCO ta sa ganuwar da fadar da kabarin Qin cikin jerin kayan tarihi na duniya, Qufu ta shiga a 1994, kuma jam'iyyar da matasanta suka tone kaburburan garin ita ce ta fara buɗe cibiyoyin koyar da Sinanci da sunan Konfushiyas a 2004, har da biyu a Najeriya, a Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe da ke Awka. Kufan Yuanmingyuan kuwa an bar manyan sassansa a rushe, ana kai ɗalibai su ga abin da baƙi suka yi lokacin da ƙasa ta yi rauni.

Shugabannin da kansu ba su ɓoye cewa da ma'aunin dauloli suke auna kansu ba. A watan Yulin 1945 wani dattijo masanin ilimi, Huang Yanpei, ya ziyarci Mao a Yan'an, ya tambaye shi ko jam'iyyarsa za ta iya kuɓuta daga zagayen da ya cinye kowace daula, na tashi da ƙarfi da lalacewa da faɗuwa. Mao ya amsa cewa sun samo mafita, ita ce dimokuraɗiyya, a bar jama'a su sa wa gwamnati ido. Tsarin mulkin 1982 ya taƙaita shugaban ƙasa ga wa'adi biyu, aka cire wannan iyaka a watan Maris na 2018. A ƙarshen 2021 shugaban ƙasa Xi Jinping ya dawo da tambayar Huang, ya ce jam'iyya ta samo amsa ta biyu, wato ta riƙa yi wa kanta gyara da tsarkake kanta daga ciki, kuma ya maimaita wannan matsayi a rahotonsa ga babban taron jam'iyya na 20 a watan Oktoban 2022.